Rangwamen kamfanonin motoci: ciniki yake ƙarawa ko ranar saye yake matsowa?

A watan Yunin shekara ta 2005, kamfanin General Motors na ƙasar Amurka ya sanar da cewa duk wanda ya zo sayen sabuwar mota, za a sayar masa da ita a farashin da ake sayar wa ma'aikatan kamfanin. Cikin wannan wata cinikinsa ya tashi da kashi 41 cikin 100 idan aka kwatanta da Yunin shekarar da ta gabata, abin da rabon kamfanin da ganin irinsa tun 1986. Wata huɗu bayan haka, da aka rufe garaɓasar, cinikin ya faɗi da sama da kashi 20 cikin 100. Shekarar ta ƙare kamfanin na ɗauke da asarar sama da dala miliyar 10, kasonsa na kasuwa kuma ya ragu maimakon ya ƙaru.

Shekaru 50 ke nan kamfanonin ƙera motoci na amfani da rangwame domin jawo masu saye, kuma masana tattalin arziki sun daɗe suna bin diddigin abin da yake haifarwa. Tambayar ita ce: rangwamen na kawo sabbin masu saye ne, ko dai waɗanda dama za su saya gobe ne yake jawowa su saya yau? Amsar ta shafi ma'aikata da dillalai a ƙasashen da ake ƙera motoci. Ta kuma shafi mai neman mota a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, domin akasarin motocin da ke bisa titunan Nijar a waɗancan kasuwanni aka fara sayen su suna sabbi.

Rangwame iri-iri

A Amurka da galibin ƙasashen Turai, kamfanin da ya ƙera mota yakan sayar da ita ne ga manyan dillalai, su kuma su baje ta a filayensu su jira mai saye. Kowace mota na da farashin da kamfani ya rubuta mata, sai dai da wuya a biya wannan kuɗi cif, domin akwai tayi kamar a kowace kasuwa. Idan ciniki ya ja da baya, kamfanin kan zuba kuɗi daga aljihunsa ta hanyoyi da dama.

Hanya ta farko ita ce mayar wa mai saye wani abu daga cikin kuɗin da ya biya. Ta biyu ita ce bashi ba tare da kuɗin ruwa ba, ko da ɗan kaɗan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da mafi yawan jama'a da bashi suke sayen mota: bashin dala 20,000 na shekara 5, idan ruwansa kashi 8 cikin 100 ne, zai ci wa mutum sama da dala 4,300, kuma kamfanin ne ke ɗaukar wannan nauyi idan ya yafe. Ta uku ita ce kuɗin da ake ba dillali a kan kowace motar da ya sayar, wanda sau da yawa mai saye bai ma san da shi ba. Akwai kuma sauƙaƙa kuɗin haya ta dogon lokaci, da sayar da motoci dubbai a lokaci guda ga kamfanonin ba da hayar motoci a farashi mai rahusa.

Kamfanin Chrysler ne ya shahara da buɗe wannan ƙofa a watan Janairun 1975. Tsadar man fetur da ta biyo bayan rikicin 1973 ta sa motoci sun taru jibge babu mai saye, sai kamfanin ya shiga talla yana cewa duk wanda ya sayi mota za a aiko masa da takardar karɓar kuɗi a banki. Ba a jima ba Ford da General Motors suka bi sahu. An fara abin ne da niyyar kwashe kayan da suka yi kwantai cikin ƴan makonni, amma har yau bai bar kasuwar ba.

Me ke tilasta wa kamfani rage farashi?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Masana'antar ƙera motoci na cin kuɗi ko tana aiki ko tana rufe: akwai bashin da aka gina ta da shi, da injuna, da albashi, da kuɗin da aka kashe wajen zana motar tun kafin a ƙera ta farko. Idan aka raba wannan nauyi a kan motoci dubu 250 a shekara, kowace na ɗaukar kaɗan. Idan aka ƙera dubu 150 kawai, kowace sai ta yi tsada. Shi ya sa shugabannin kamfanoni kan gwammace su ci gaba da ƙerawa, daga baya su nemi yadda za su tura kayan.

A birnin Detroit, cibiyar ƙera motoci ta Amurka, akwai ƙarin dalili. Yarjejeniyar da manyan kamfanoni uku, wato General Motors da Ford da Chrysler, suka yi da ƙungiyar ƙwadago ta UAW ta tanadi a ci gaba da biyan ma'aikaci kusan dukkan albashinsa ko da an dakatar da aiki a masana'antarsa, kuma sai a 2009 aka soke tsarin. Tun da rufe masana'anta ba ya rage kashe kuɗi sosai, rangwame sai ya zama hanya mafi sauƙi.

Su ma dillalai da bashin banki suke cika filayensu, kowace rana motar ta kwana ruwa na hawa a kanta. A al'adar kasuwar, kayan da za su isa cinikin kwana 60 ne daidai. Da zarar sun haura haka sosai, ko kuma samfurin sabuwar shekara na dab da fitowa, sai a fara jin tallar garaɓasa.

Darasin 2001 da na 2005

Kwanaki kaɗan bayan harin 11 ga Satumban 2001, lokacin da jama'ar Amurka suka ɗauke ƙafa daga kasuwanni, General Motors ya fito da bashin mota ba ruwa. Sauran kamfanoni suka bi. A watan Oktoba an sayar da motoci kimanin miliyan 1 da dubu 700, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a wata guda kafin lokacin. Da za a ɗore a haka shekara guda, da an haura miliyan 20, alhali kasuwar a lokacin kimanin miliyan 17 take ci a shekara. Masana'antu ba su tsaya ba, kuma ta wannan fuska shirin ya yi abin da aka so.

Matsalar ta fito ne wajen janyewa. Mai saye ya riga ya koyi cewa idan ya yi haƙuri, wata garaɓasar na tafe. Duk lokacin da kamfani ya gwada rage rangwame sai ciniki ya tsaya, ya sake dawowa da wanda ya fi na da. Zuwa tsakiyar shekarun 2000, kamfanonin Detroit na kashe sama da dala 3,000 a kan kowace mota a matsayin rangwame, yayin da na Japan ke kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan kuɗi.

A wannan yanayi ne aka fito da farashin ma'aikata a 2005. A watan Yuni General Motors shi kaɗai ya yi, kuma kasonsa na kasuwa ya haura kashi 30 cikin 100. A watan Yuli Ford da Chrysler suka kwaikwaye shi, fifikon da ya samu ya gushe, domin kowa na ba da abu ɗaya. Da kaka ta yi, filayen dillalai sun koma wayam babu masu saye. Da aka tattara lissafin shekara, kason kamfanin ya sauka daga sama da kashi 27 a 2004 zuwa kimanin 26 a 2005.

Ba rangwame kaɗai ya jawo asarar wannan shekara ba. Akwai nauyin kuɗin magani da fansho na tsoffin ma'aikata, ga kuma tsadar fetur bayan guguwar Katrina, wadda ta sa jama'a suka guje wa manyan motocin da kamfanin ya fi cin riba da su. Sai dai alƙaluman shekaru da dama sun nuna abu guda: kamfanonin Detroit uku, da ke riƙe da kimanin kashi 70 cikin 100 na kasuwar Amurka a ƙarshen shekarun 1990, sun koma ƙasa da rabi a 2008. A tsakanin 2000 da 2008 kuwa, Toyota, da ba ya yawan rangwame, ya tashi daga kimanin kashi 9 zuwa sama da 16. A 2009 Chrysler da General Motors suka nemi kariyar kotu saboda kasa biyan bashi, sai da gwamnati ta sa kuɗi ta ceto su.

Daga ina masu sayen ke fitowa?

Waɗanda ke cika filin dillali a watan garaɓasa kashi uku ne. Akwai wanda dama a wannan wata zai sayi wannan mota, rangwamen ya zame masa tsintuwa. Akwai wanda ya yi niyyar saye bayan wata uku ko shida, ya matso da ranar. Sai na uku, wanda da motar wani kamfani zai saya, ko kuma ba zai sayi sabuwa ba sam, rangwamen ya juyo da shi. Na ukun ne kaɗai ƙari na gaskiya, amma duka ukun ake rage wa farashi.

A misali, a ɗauka ana sayar da mota a sefa miliyan 20, ribar kamfani a kanta miliyan 2. Idan aka yi rangwamen miliyan 1, mai saye zai ga kashi 5 cikin 100 ne kawai aka rage masa, amma kamfani rabin ribarsa ya bayar. Kafin ya samu abin da yake samu a da, sai ya sayar da ninki biyu. Idan kuma rabin waɗanda suka ƙaru mutanen wata mai zuwa ne, to abincin gobe aka ci yau.

Mota ta bambanta da shinkafa ko sukari. Magidancin da ya sayi buhu biyu saboda araha kafin azumi zai dawo kasuwa bayan ƴan makonni. Wanda ya sayi sabuwar mota kuwa ya fita daga kasuwa na shekaru, a ƙasar da matsakaicin shekarun motocin da ke bisa hanya ya haura 12.

Inda aka fi ganin wannan matsowa ta ranar saye a fili shi ne a shirye-shiryen da gwamnatoci suka yi na biyan mutane su watsar da tsoffin motoci su sayi sabbi. A Faransa, gwamnatin Edouard Balladur ta ba da faran 5,000, wato jika 500 na sefa, daga 1994, ta Alain Juppé kuma ta ci gaba da irinsa har zuwa Satumban 1996. A 1997 kasuwar sabbin motoci ta Faransa ta faɗi da kusan kashi 20 cikin 100. A Jamus an ba da yuro 2,500 a 2009, kimanin sefa miliyan 1 da jika 640: an sayar da motoci miliyan 3 da dubu 800 a wannan shekara, a mai bi mata aka koma miliyan 2 da dubu 900. A Amurka, inda gwamnati ta ware dala miliyar 3 domin irin wannan shiri a 2009, masana biyu, Atif Mian da Amir Sufi, sun kwatanta garuruwan da suka fi cin moriyar shirin da waɗanda ba su ci sosai ba. Sun gano cewa cikin watanni 10 kusan duk ƙarin cinikin ya goge, domin garuruwan da suka fi saye a lokacin shirin su ne suka fi rage saye bayansa.

Garaɓasar da ba ta rage farashi ba

Wani bincike da Meghan Busse da Duncan Simester da Florian Zettelmeyer suka wallafa a 2010 ya duba ainihin kuɗin da mutane suka biya a lokacin farashin ma'aikata na 2005. Abin da suka samu ya ba da mamaki: masu saye da yawa sun biya fiye da abin da za su biya da a ce sun je kafin a fara garaɓasar. Dalili kuwa shi ne, dama akwai manyan rangwame a ƙasa, ga kuma abin da mutum kan samu ta hanyar tayi, waɗanda sabon tsarin ya maye gurbinsu. Duk da haka jama'a suka yi tururuwa, saboda sun yarda cewa babu farashin da zai fi na ɗan gida sauƙi, kuma sun huta da ja-in-ja da dillali. Sunan da aka ba garaɓasar ya yi aiki fiye da kuɗin da ke cikinta.

Wani binciken na 2006, da Busse da Zettelmeyer suka yi tare da Jorge Silva-Risso, ya amsa tambayar wa ke cin kuɗin rangwamen. Idan kamfani ya yi shelarsa a fili da sunan mai saye, kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na kuɗin na isa hannunsa. Idan kuma dillali aka ba ba tare da shela ba, kashi 30 zuwa 40 ne kawai ke isa ga mai saye, sauran ya tsaya a aljihun dillalin. Kuɗin ɗaya ne daga wajen kamfani, bambancin shi ne ko mai saye ya san da shi lokacin da yake tayi.

Tun a 2004 ma, Koen Pauwels da abokan aikinsa sun bi manyan kamfanonin mota shida a kasuwar Amurka na tsawon shekaru, suka kwatanta tasirin rangwame da na fito da sabon samfuri. Dukansu na ɗaga ciniki nan take. Amma bayan lokaci, sabon samfuri na ƙara wa kamfani riba da daraja a kasuwar hannun jari, rangwame kuwa rage darajar yake yi.

Illar da ke biyo baya

Babbar ɓarnar rangwame na faɗawa ne a kan motar da aka riga aka saya. Idan sabuwa ta sauka da dala 4,000, wadda ta shekara biyu dole ita ma ta sauka, in ba haka ba babu mai kallonta. Idan kuma kamfanonin haya suka sako dubban motoci iri ɗaya kasuwar gwanjo bayan shekara guda, farashin ya ƙara karyewa. Wanda ya sayi tasa da cikakken kuɗi, ya zo musanya ta da sabuwa, sai ya tarar ba ta kai bashin da ya rage a kanta ba. Da wuya irin wannan mutum ya sake komawa ga kamfanin.

Mitsubishi ya ɗanɗana wani nau'in illar. A farkon shekarun 2000 ya ba da motoci a Amurka ba kuɗin farko, ba ruwa, kuma ba biya har shekara guda. Matasa marasa ƙarfi suka kwashi motoci, ciniki ya kai kimanin dubu 345 a 2002. Da lokacin biya ya zo, da yawa suka kasa, kamfanin ya karɓe motocin da suka riga suka tsufa, ya yi asarar ɗaruruwan miliyoyin daloli. A 2005 abin da ya sayar bai kai dubu 125 ba.

Shi kuwa Nissan, a zamanin Carlos Ghosn, ya sa wa kansa burin kama kashi 10 cikin 100 na kasuwar Amurka. Ya bi ta rangwame mai yawa, da sayar wa kamfanonin haya, da ba dillalai lada mai tsoka idan sun cika adadin da aka yanka musu a wata, abin da ya sa wasu ke sayar da mota da asara a ƙarshen wata don kada ladan ya kuɓuce. A 2017 ya sayar da kusan miliyan 1 da dubu 600. Riba ta zube, kuma da magadan Ghosn suka fara janye rangwamen, ciniki ya sauka zuwa kimanin miliyan 1 da dubu 350 a 2019, tun kafin annobar korona. A shekarar kuɗi da ta ƙare a Maris na 2020, kamfanin ya bayyana asarar yen miliyar 671.

Annobar da kanta ta nuna ɗaya gefen. A 2021 da 2022 an yi ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da ke zama ƙwaƙwalwar mota, masana'antu suka rage aiki, filayen dillalai suka bushe. Rangwame ya kusa ɓacewa, wasu ma sun biya fiye da farashin da aka rubuta. General Motors, da ya sayar da motoci kimanin miliyan 4 da rabi a Amurka a 2005 ya yi asarar miliyar 10, ya sayar da rabin wannan adadi a 2022 ya ci ribar kusan dala miliyar 10. Gaskiya ne ya sauke basussuka masu yawa a 2009, amma alƙaluman sun isa su nuna cewa yawan ciniki daban, riba daban.

Inda tayin ya yi tasiri mai ɗorewa

Akwai kamfanonin da suka ƙara kason kasuwa ta hanyar tayi na musamman, kuma suka riƙe shi. Hyundai na Koriya ta Kudu ne misalin da aka fi kawowa. A ƙarshen shekarun 1990 Amurkawa na kallon motocinsa a matsayin masu araha marasa ƙarko, a 1998 kimanin dubu 90 kawai ya sayar. Maimakon ya ƙara rage farashi, sai ya ba da garanti na shekara 10 ko mil dubu 100, wato kilomita dubu 160, a kan inji da giya. A 2001 cinikinsa ya haura dubu 340. Garantin ya tilasta masa gyara ingancin motocin, domin duk wadda ta lalace shi zai biya.

A Janairun 2009, ana tsakiyar matsin tattalin arziki, ya sake fitowa da wani tayin: duk wanda ya sayi mota da bashi kuma ya rasa aikinsa cikin shekara guda, zai iya mayar da ita. Kasuwar Amurka ta faɗi da kashi 21 cikin 100 a wannan shekara, cinikin Hyundai kuwa ya ƙaru da kashi 8, kuma motocin da aka mayar ƴan ɗaruruwa ne kawai. A duka lokutan biyu, kamfanin ya gano abin da ke hana mutane saye, wato tsoron lalacewa da tsoron rasa aiki, ya magance shi ba tare da ya karya darajar motarsa ba.

Misali na baya-bayan nan shi ne yaƙin farashi a ƙasar Sin. Tesla ya fara rage farashin motocinsa masu aiki da lantarki a ƙarshen 2022 da farkon 2023. Motocin da ya miƙa wa masu saye a duniya sun ƙaru da kashi 38 cikin 100 a 2023, amma ribar da yake samu a kan ciniki ta sauka daga kusan kashi 17 zuwa kimanin 9, kuma a 2024 adadin motocin ya ɗan ragu. BYD kuwa ya rage farashi ya kuma ci gaba da girma, daga motoci miliyan 3 a 2023 zuwa sama da miliyan 4 da dubu 200 a 2024. Shi ke ƙera batirinsa da kansa, farashin sinadarin litiyam kuma ya faɗi warwas a 2023, saboda haka kuɗin ƙera motar ne ya sauka tun daga tushe. Ko da haka, da ya sake rage farashin samfura 22 a Mayun 2025, wasu da kashi ɗaya cikin uku, hukumomin ƙasar sun fito sun gargaɗi kamfanoni a kan gasar da ke cinye riba tana kuma jefa masu samar musu da kaya cikin bashi.

Abin da ya shafi mai saye a Nijar

Kasuwar sabbin motoci a Nijar ƙarama ce, kuma masu sayenta galibi ma'aikatun gwamnati ne da ƙungiyoyi da manyan kamfanoni. Sauran jama'a motocin hannu suke saye. Wani rahoto da hukumar kare muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da motocin hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 nahiyar Afirka suka nufa.

Ta nan ne rangwamen can ke isowa nan. Shekarar da aka tura sabbin motoci da yawa da garaɓasa, bayan wasu shekaru kasuwar gwanjo kan cika, farashi ya sassauta. Shekarar da aka ƙera kaɗan, kamar 2021, lokacin da farashin motocin hannu a gwanjon Amurka ya tashi da sama da kashi 40 cikin 100, ƴan kasuwar da ke saro motoci daga can da tsada suke saye. Sai dai kafin mota ta iso Yamai ko Maraɗi, kuɗin jirgi da na duwan da na hanya sun hau kanta, musamman tun bayan rufe iyaka da Benin a 2023, lokacin da kayan da ke biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Sauƙin da aka samu a can na iya narkewa a hanya.

Titunan ƙasar kuma na ba da irin amsar da alƙaluman Amurka suka bayar. A da Peugeot 404 da 504, da ake kira Fijo, ne ke cike da tashoshi. Yanzu Hilux da Land Cruiser ne a ma'aikatu da hanyoyin karkara, Hiace a tashoshin mota, Corolla da Starlet a cikin taksin Yamai. Toyota bai kama wannan wuri da garaɓasar wata guda ba. Direba ya san bakaniken kowane gari ya iya motar, kayan gyaranta na nan a kasuwa, kuma ranar da ya so sayar da ita ba zai rasa mai saye ba.

Ga wanda aka yi wa tallar rangwame, a kan sabuwar mota ne ko babur ko adaidaita, tambayoyi huɗu sun isa. Nawa ake sayar da ita kafin a fara garaɓasar? Idan biya kaɗan-kaɗan ne, nawa ne jimillar kuɗin daga farko har ƙarshe? Akwai garanti a rubuce, da kayan gyara a kusa? Nawa irinta mai shekara uku ke yi a kasuwa yau? Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma motar da aka rage wa miliyan 1 ranar saye na iya rasa miliyan 3 ranar sayarwa.

Su kuwa kamfanoni, ma'aunin garaɓasa ba a watan da aka yi ta yake ba, sai an haɗa da watannin da suka biyo baya da kuma ribar shekara. Rangwame na kwashe kayan da suka yi kwantai, yana kuma iya riƙe masana'anta a lokacin firgici kamar na 2001. Kason kasuwa kuwa, in ban da inda tayin ya zo tare da ingantacciyar mota ko sauƙin kuɗin ƙerawa, yakan koma inda yake da zarar abokan gasa sun kwaikwaya. General Motors ya riƙe matsayi na ɗaya a kasuwar Amurka tun daga 1931. A 2021, shekarar da babu mai rangwamen kirki, Toyota ya sha gabansa a karon farko cikin shekaru 90, saboda shi ne ya fi samun motocin da zai sayar. A shekarar da ta biyo baya, da masana'antun General Motors suka samu kayan aiki, kamfanin ya karɓe matsayinsa ba tare da ya koma ga farashin ma'aikata ba.